Darasin Nutson Tsuntsayen Teku a Garin da Ba Teku: Yadda Nake Yin Sa da Baho, Ƙanƙara da Naman Tantabara

Wata ɗalibata 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta jawo mini wannan aiki. Ta ga wani bidiyo a wayar yayanta, fengwin, tsuntsayen tekun nan da ba sa tashi sama, suna faɗawa ruwa ta wani rami a cikin ƙanƙara, sai ta tare ni a ƙofar ofishin malamai ta ce, "Malam, su ba sa shaƙewa ne? Ko numfashin kifi gare su?" Na ce mata huhu gare su kamar ni da ke. Ta ce, "To ai shi ne abin tambayar, Malam." Na karanto mata amsar littafi. Daga fuskarta na san ba ta shige ta ba, ni ɗin ma da na faɗa ba ta gamsar da ni ba.

Ni malamin bayoloji ne a nan Jos, haifaffen Gangare. Sau ɗaya na taɓa ganin teku, a Legas, daga cikin mota a kan gada, kuma wanda ke kusa da ni ya ce wannan ma ba ainihin tekun ba ne. Yaran da nake koyarwa ruwa mafi girma da suka sani shi ne dam ɗin Lamingo da kududdufan da masu haƙar kuza suka bar mana gado. Muna zaune a kan tudu, wajen mita 1,200 sama da bakin teku. Duk da haka yanzu kowace shekara ina yin wannan darasi, kuma na rubuta shi ne don 'yan'uwana malamai da ke son gwadawa. Yana cin darasi biyu masu tsawo da safiyar Asabar ɗaya. In shugaban makaranta ya ce fengwin ba ya cikin manhaja, gaskiya ya faɗa, sai ka nuna masa cewa numfashi da zagayawar jini da daidaita zafin jiki duk suna ciki, kuma su za ka koyar.

Kafin komai ka ba yara ƙugiyar da za su rataye abin da za su ji. Rabin ajina 'ya'yan 'yan kasuwa ne, masu tumatir da kabeji a Farin Gada, masu gwanjo a Katako, saboda haka nake ce musu tsuntsun nan ɗan kasuwa ne. Jarinsa iri biyu: iskar oksijin da ya ɗauka kafin ya nutsa, da ɗumin jikinsa. Kasuwar tana ƙarƙashin ruwa, hajar kifi ce. Duk nutso sai ya kashe daga jarin, kuma dole kifin da ya kamo ya mayar da abin da ya kashe har da riba, in ba haka ba ya fara cin uwar kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na lura yaron da ba ya iya riƙe ma'anar makamashi daga ranar Litinin zuwa Laraba, in ka ce masa jari da riba da bashi, shi zai riƙa gyara maka lissafi.

Ka sa darasin a hunturu, Disamba ko Janairu, lokacin da ruwan da ya kwana a waje yake yankar hannu. Kada ka sa shi cikin azumi, don akwai tsoma fuska a ruwa. Abin da za ka tanada ba shi da yawa: baho biyu ko uku, ƙanƙara daga masu sayar da ruwan leda, ma'aunin zafi, wayar da ke ƙirga sakan, gorar roba babba mai murfin da ba ya yoyo, ƙaramar kwalbar maganin allura da aka wanke, ƙananan kwalabe huɗu iri ɗaya, tsofaffin safa, leda, da nama iri biyu da zan zo kansa. Duk ka gwada su a gida tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na taɓa fafewa a gaban yara 60, murfin gorar yana tsiyaya, suna ta dariya.

Gwajin baho shi ne zuciyar darasin, a nan nake ɓata mafi yawan lokaci. Ka fara da tantance waɗanda za su yi. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai sikila, mai farfaɗiya, da wanda bai karya kumallo ba, duk su riƙe agogo ko alli. Ka tambaya a keɓe tun kwana ɗaya kafin ranar, don ba kowane yaro ke son a san lalurarsa a gaban aji ba. Mata su yi da mata a kusurwa guda, mace ta riƙe hannun mace. Kowane ɗalibi a sauya masa ruwa, saboda ciwon ido ba ya jin kunyar shiga aji.

Wanda za a gwada ya zauna a kujera, bahon yana kan tebur a gabansa. Abokinsa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa har ya ji bugu sosai. A ƙirga na sakan 15, a ninka sau 4, a rubuta a allo. Wannan shi ne na zaune lafiya. Sai na biyu: ya ja numfashi daidai misali, ya riƙe na sakan 30 fuskarsa a waje, a ƙirga bugun sakan 15 na ƙarshe. A bar shi ya huta minti biyu. Na uku shi ne ainihin abin: ya ja numfashi irin na ɗazu, ya tsoma fuska cikin ruwan da ke wajen digiri 10 zuwa 15, goshi da kewayen idanu da hanci duk su shiga, nan ma sakan 30, a ƙirga na ƙarshen. Dalilin da ya sa nake cewa na ƙarshen shi ne a sakan ɗin farko zuciya kan yi tsalle saboda fargaba da sanyi, sai daga baya take lafawa. Mai ƙirga zai ji da yatsunsa tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana buɗewa, kuma za ka ga idonsa ya fito. A wurin yawancin mutane bugun kan ragu da kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Wasu yaran nasu ba zai motsa sosai ba, ka rubuta shi yadda ya fito, kada ka gyara. In da lokaci a maimaita da ruwa mai ɗumi, za a ga ragin bai kai na mai sanyi ba.

Ga kuskuren da na yi a shekarar farko. Ban sa iyaka ba, sai samarin bayan aji suka mai da abin gasa, wa zai fi daɗewa. Wani ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ya tsoma kai, wai yana cika tanki, ya ɗago jiri na ɗibarsa, sai da muka kwantar da shi a benci. Washegari mahaifinsa ya zo, cikin mutunci ya ce, "Malam, karatu na kawo shi, ba su ba." Ban da abin cewa sai ban haƙuri. Wannan jan numfashi da sauri ba ya ƙara oksijin na a zo a gani, abin da yake yi shi ne korar iskar kabon da ke sa mutum jin buƙatar numfashi, sai ya zama an kashe ƙararrawar gargaɗi, mutum na iya suma bai ji alama ba. Haka masu iyo da yawa suke halaka. Tun daga ranar doka ta zama sakan 30, a zaune, ba jan numfashi fiye da ɗaya, ni ne kuma mai cewa a ɗago.

Bayan lambobi sun cika allo sai ka bayyana abin da ya faru. Sanyin ruwa ya taɓa jijiyoyin fuska, ga numfashi a tsaye, ƙwaƙwalwa ta aika wa zuciya ta rage gudu, ta kuma matse hanyoyin jinin da ke zuwa fata da hannu da ƙafa da hanji. Kamar mai ƙaramin janareta ne da mai ya kusa ƙare masa: ya kashe firji da dutsen guga, ya bar ƙwai ɗaya a ɗaki. Ƙwan da aka bari su ne ƙwaƙwalwa da zuciya. Tun 1870 Paul Bert a Faransa ya ga haka a jikin agwagi, sannan a 1940 Per Scholander a Nowe ya auna shi dalla-dalla a jikin dabbobin da ake dannawa cikin ruwa da ƙarfi. Sai da na'urori suka ƙanƙance aka fara ɗaura wa dabbar da ke nutso don ra'ayin kanta, aka gane cewa wadda aka danna tsoro ke sa ta rufe komai ruf, don ba ta san yaushe za a sake ta ba, amma mai nutso da kanta tana auna ragin ne gwargwadon tafiyar da ta yi niyya.

Yanzu ka rubuta lambobin sarkin fengwin na Antatika, wato nau'in fengwin mafi girma, kusa da na yaran. In yana hutawa zuciyarsa na bugawa wajen 70 a minti, kusan daidai da tasu. A dogon nutso an auna ta ta sauko ƙasa da 10, har an taɓa ganin 3. Da ya fito kuma sai ta haura 200 don ya yi lodi da sauri. Nutso mafi zurfi da aka rubuta masa mita 564, mafi tsawo ya ɗan wuce minti 32. A nan ajin kan yi tsit.

Tambayar da za ta biyo baya, in ba su yi ba kai ka yi, ita ce: in an rage wa tsoka jini, da me take tuƙa fiffike? Nan nama ke shigowa. Ka sayo ƙirjin kazar gidan gona da ƙirjin tantabara, ka ajiye su gefe da gefe a faranti. Na kaza fari fat, na tantabara ja har yana neman baƙi. Yara za su ce jini ne. Ka wanke shi a gabansu, launin ba zai fita ba. Wani furotin ne a cikin tsokar kanta, mayogulobin, ɗan'uwan hemogulobin na jini, aikinsa riƙe oksijin a wurin. Guzuri ke nan. Naman ƙirjin sarkin fengwin yana da kusan giram 6 na wannan furotin a kowane giram 100, ya ninka na tsokar mutum fiye da sau goma, shi ya sa namansa yake kusan baƙi. To rumbunan oksijin ɗinsa uku ne: iskar da ke huhu da jakunkunan iska da ke haɗe da huhun tsuntsu, jini, da tsoka. Jakunkunan iskar ma kana iya nunawa in ka samu kaza figaggiya da ba a fasa cikinta ba: ka zura bututun biro a maƙogwaro ka hura da famfon keke, za a ga jikin yana kumbura. Da famfo na ce, kada ka sa baki, mun san abin da murar tsuntsaye ta yi wa gonakin kaji a jihar nan. Tantabarar kuma ba ta yin asara, da yamma a gidana take ƙarewa cikin farfesu.

Daga nan sai lissafi. Ka ba su lambobin misali, ka kuma gaya musu misali ne: a ce tsuntsu mai kilo ɗaya ya sauka da mililita 50 na oksijin, yana ƙona 25 a minti. Jarinsa na minti biyu ne. In ya wuce haka ba mutuwa zai yi nan take ba, tsokar za ta koma samar da ƙarfi ba da oksijin ba, wani sinadari mai suna laktet ya fara taruwa, irin yadda ake yi a cinyar mai gudun mita 400. Wannan bashi ne, kuma a saman ruwa ake biyansa da dogon hutu. Gerald Kooyman ne ya fito da wannan iyaka fili a 1980, a kan wata dabbar teku ta Antatika. Daga baya aka auna ta sarkin fengwin a mashigin ruwa na McMurdo a Antatika, inda masana suka huda ƙanƙara a wurin da babu wani rami kusa, ta yadda duk tsuntsun da ya nutsa dole ya dawo ta nan a ɗebi jininsa. Iyakar ta fito minti 5.6. Wato tsuntsun da ke iya minti 32 yawancin nutsonsa bai kai minti shida ba.

Ka bar yaran su gano dalili da kansu. Tsuntsu na farko yana nutson minti 4 ya huta 2, na biyu yana minti 12 ya huta 18. A awa ɗaya wa ya fi daɗewa a kasuwa? Na farko minti 40, na biyu 24. 'Ya'yan Farin Gada ba sa ɗaukar minti guda kafin su ce gara juya ƙaramin jari sau goma da cin bashi a yi babban sari. Sai ka tambaye su yaushe bashin ke da amfani. Amsoshin da suka fi kyau da na samu: in ya faɗa cikin garken kifi da ba zai sake samu ba, in abincin yana can ƙasa sosai har zuwa da dawowa sun cinye rabin lokacin, ko in ya ɓata hanyar ramin fita.

Darasi na biyu nake buɗewa da gora. Ka cika ta da ruwa har baki. Ka ɗauki ƙaramar kwalbar allurar ka zuba mata ruwa kusan rabi, ka kifa ta a ciki, bakinta ƙasa. Sai ka yi ta ragewa da ƙarawa har ta tsaya tana lilo da ƙyar a sama, nan wahalar take, shi ya sa na ce a gwada a gida. Ka rufe gorar tam, ka matsa cikinta da hannu. Kwalbar za ta nutse. Ka saki, ta taso. Ka kira su kusa su kalli kumfar iskar da ke ciki tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka matsa. A teku kowace mita 10 na ƙara matsi daidai da nauyin iskar duniya gaba ɗaya a bakin teku, saboda haka a mita 10 iskar jikin tsuntsu ta koma rabi, a mita 30 ta koma kwata, a mita 564 kuwa matsin ya ninka wajen sau 57. Fengwin da numfashi a cike yake nutsawa, ga kuma iska maƙale a gashinsa, don haka mitocin farko su ne mafi tsada, kamar mai danna ƙwallo cikin randa. Yana yin ƙasa iskar na matsewa, aikin na sauƙi. A dawowa kuma iskar tana buɗewa, har ya daina kaɗa fiffike kafin ya iso sama, ruwa ya ƙarasa da shi kyauta. Ƙasusuwansa ma ba su da rami irin na tsuntsaye masu tashi, nauyin yana taimakonsa.

Sai jari na biyu, ɗumi, wanda ɗan Jos ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa. Ka cika kwalabe huɗun da ruwa mai digiri 40, kusan zafin jikin tsuntsu. Ɗaya a bar ta a kan tebur. Ɗaya a tsoma ta tsirara a bokitin ruwan sanyi. Ta uku a sa mata busasshiyar safa, a zura a leda a ɗaure, a tsoma. Ta huɗu a sa mata jiƙaƙƙiyar safa ba leda. A auna kowace bayan minti biyar-biyar. Ta tsirarar za ta huce tun kafin ta kan tebur ta san an fara, don ruwa yana jan zafi kusan sau 25 fiye da iska. Mai busasshiyar safa za ta yi taurin kai. Abin da ke tsare ta ba zaren safar ba ne, iskar da ke tsakanin zaren ce, kuma haka gashin tsuntsu yake. Yanzu ka ce su haɗa wannan da abin da suka gani a gora. Wanda ya fara cewa, "Malam, ke nan in ya yi zurfi bargon nasa matsewa yake yi," ka ba shi maki a take. Iskar da ke hana shi jin sanyi ita ce ke hana shi nutsewa, kuma inda ta daina hana shi nutsewa nan ta rage hana shi jin sanyi.

Kowane tsuntsu da yadda ya sasanta wannan. Fengwin ya haɗa da kitse a ƙarƙashin fata, kuma jijiyoyin jinin ƙafafunsa da fukafukansa suna manne da juna, mai fita da ɗumi yana miƙa wa mai dawowa, ƙafar ta yi sanyi amma ciki ya tsira. A 1997 aka wallafa wani bincike kan wani babban fengwin na tsibiran Crozet da ke kudancin tekun Indiya, aka ga wani sashe na cikinsa yana sauka har digiri 11 lokacin da yake ta nutso, kuma naman da ya yi sanyi oksijin kaɗan yake ci. Komorant kuwa, baƙin tsuntsun nan mai dogon wuya, ya zaɓi jiƙaƙƙiyar safa: bakin gashinsa yana shan ruwa, sai 'yar iska kaɗan ta saura kusa da fata. Nutso ya yi masa araha, sanyi ya yi masa tsada, don haka yake kamun sauri ya fito ya baje fukafukai a rana. Har kifin da aka haɗiye yana da nasa kuɗin. Ruwa kilo ɗaya na cin kilojul (ma'aunin makamashi) 4.2 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, kifi kuma yawancinsa ruwa ne, to su lissafa abin da rabin kilo na kifi mai digiri 5 zai ci kafin ya kai 40 a cikin tsuntsu. Wajen kilojul 70 za su samu.

Fiffike ba na yi masa gwaji, wanda ya taɓa kaɗa faifai a cikin ruwa ya san labarin. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, yana son gajeren fiffike mai tauri, iska kuma tana son mai faɗi. Taura biyu ba ta taunuwa, amma akwai tsuntsun da ya dage sai ya tauna: gilmot, na tekunan arewacin duniya, mai nauyin kilo ɗaya, da ke nutso har mita 200 kuma yana tashi. A 2013 Kyle Elliott da abokan aikinsa suka auna su a arewacin Kanada, suka samu cewa in yana tashi yana ƙona makamashi ninki 31 na lokacin da yake kwance, mafi tsada da aka taɓa aunawa a tsuntsu. Shi ya sa kifi ɗaya tak yake iya kai wa ɗansa a kowane zuwa, kuma ɗan tun bai iya tashi sosai ba yake dirowa daga dutse ya bi ubansa teku. Fengwin ya haƙura da sama gaba ɗaya.

Yara kan tambayi yadda aka san abin da tsuntsu ya ƙona yana can tsakiyar teku. Hanya ɗaya ita ce ruwa mai alama biyu, dabarar Nathan Lifson ta shekarun 1950. A yi wa tsuntsu allurar ruwan da haidurojin ɗinsa da oksijin ɗinsa duka sun fi na ruwan yau da kullum nauyi, ta yadda za a iya gane su a jini, a ɗebi jini, a sake shi, a sake kama shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Haidurojin ta ruwa kaɗai yake fita daga jiki, oksijin kuwa ta ruwa da ta iskar kabon, saboda haka bambancin raguwarsu shi ne iskar kabon da ya fitar, daga nan a san abin da ya ƙona. Gilmot mai ciyar da ɗa yana cin wajen kilojul 2,000 a rana, ƙaton namiji a cikinmu wajen 10,000. Tsuntsun kilo ɗaya ke nan yana kashe kashi ɗaya cikin biyar na abin da ni nake kashewa, kuma sai ya ci kifi kusan rabin nauyinsa kullum. Mai irin wannan ciniki ba shi da ajiya. Da ruwan arewacin tekun Fasifik ya yi ɗumi a 2015 zuwa 2016, ƙananan kifaye suka yi ƙaranci kuma suka rame, an tsinci gawar gilmot wajen 62,000 a gaɓa daga Kalifoniya zuwa Alaska, binciken 2024 kuma ya ƙiyasta waɗanda suka mutu a Alaska sun kai miliyan 4.

Asabar sai dam. Tsuntsayenmu ba na teku ba ne, amma lissafinsu ɗaya. Ka nemi izinin iyaye a rubuce da na masu kula da wurin, ka tafi da malami na biyu, mace in akwai ɗalibai mata. Kada ka yarda da kududdufin kuza komai kusancinsa da makaranta, gaɓarsa a tsaye take, ruwansa da zurfi da sanyi, ya ci yaran garin nan da yawa. Ko a dam ɗin, da isarku ka ja layi da sanda nesa da ruwa, wanda ya tsallaka ya koma mota. In kana son wanda ya san tsuntsaye da ido, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum da ke Laminga, mai alaƙa da Jami'ar Jos, ka rubuta musu takarda da wuri.

Ku isa da ƙarfe bakwai, kowa da rigar sanyi. Yara duk abin da ya nutse kazar ruwa suke ce masa, to ka rarrabe musu. Akwai komorant mai dogon wutsiya, wanda in yana iyo jikinsa ke nutsewa sai wuya kawai kake gani, shaidar safar nan jiƙaƙƙiya. Akwai ɗan ƙaramin girib, dunƙulalle kamar ba shi da wutsiya, wanda ke matse gashinsa ya fitar da iska kafin ya ɓace. Wani lokaci a ga mai kamun kifin nan fari da baƙi da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo, shi ne ƙaramin misalin ganet na teku da ke sakowa daga wajen mita 30.

Ka raba su uku-uku: mai kallo, mai agogo, mai rubutu. Mai kallo ba ya ɗauke ido, "ya shiga" da "ya fito" kawai yake cewa. Takardar layi huɗu ce: sakan nawa a ƙasa, sakan nawa a sama kafin ya koma, ya fito da kifi ko babu, kusa da gaɓa ne ko tsakiya. Su zaɓi tsuntsun da yake shi kaɗai, don in biyu ne za a rubuta shigar wannan da fitar wancan. Girib yana da halin nutsewa nan ya ɓullo can, saboda haka mai kallo ya buɗe ido ga faɗin wurin, kada ya ƙura wa inda ruwan ya rufe. Duk nutson da aka yi shakka a soke shi. Nutsonsa ba ya cika kai rabin minti, don haka ƙungiya ɗaya tana iya tara 20 ko 30 kafin rana ta yi zafi. Ranar Litinin a zana su a takardar giraf, tsawon nutso a kwance, tsawon hutu a tsaye. Ɗigon ba za su jeru kamar sahun salla ba, za su watse, sai dai in an haɗa na dukan aji akan ga sun ɗan karkata sama. In ba su karkata ba, ka tambayi yaran ko waɗannan gajerun nutso sun isa a ci bashi ma tukuna.

Akwai ranar da muka je muka tarar da masu wankin babur sun riga mu, ko tsuntsu ɗaya babu a gefenmu. Muka zagaya can ƙarshen ruwan inda ciyawa take, muka zauna shiru wajen minti ashirin kafin girib ɗaya ya fito. Duk ajin a kansa muka taru, agogo tara a kan tsuntsu guda, sai ya zama mun samu abin da ban shirya ba: nutso ɗaya, amsa tara daban-daban, tazarar sakan biyu zuwa uku tsakaninsu. Tun daga nan da gangan nake sa duk ƙungiyoyi su auna nutso biyar na farko tare, a ga wane mai agogo ne hannunsa ke da nauyi, kafin kowa ya kama tsuntsunsa.